Aro, tikiti da ɗakunan kyauta: yadda gidan zane na Landan ke tsara shekararsa

Ranar 10 ga Mayun 2024 gidan adana zane-zane na ƙasar Birtaniya, wato National Gallery da ke dandalin Trafalgar a tsakiyar Landan, ya cika shekara 200 da buɗewa. Jadawalin baje kolin da ya kewaye wannan biki ya haɗa abubuwan da a ido babu abin da ya haɗa su. Akwai ɗaki guda mai zane biyu kacal na Caravaggio, mai zane ɗan Italiya. Akwai baje koli kan wata baƙar fata 'yar wasan igiya da Degas, ɗan Faransa, ya zana a 1879. Akwai na Van Gogh mai ayyuka kusan 60, da na masu zanen birnin Siena na Italiya da suka rayu shekara 700 da suka wuce, da na José María Velasco, ɗan Meziko mai zanen duwatsu da kwaruruka. Ga kuma ayyukan yaran firamare da ake ratayewa duk shekara. Wasu kyauta ake shiga, wasu sai da tikiti mai ɗan karen tsada.

Wanda ya karanta jerin zai ce an yi haka ne don kowa ya samu rabonsa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Sai dai abin da ke yanke wane baje koli zai shiga jadawali, wane za a ɗage, wane za a manta da shi, ya fi kusa da lissafin kuɗi da siyasar aro fiye da zaɓin ran wani masani. Babban baje koli ɗaya ko biyu ne ke ɗauke da nauyin shekarar. Ni kuwa a ganina, aikin da ya fi kyau a gidan yana faruwa ne a ƙananan ɗakunan da waɗancan manyan suke ciyarwa.

Sai mu fara da abin da gidan ya mallaka, domin komai daga nan yake tashi. A 1824 majalisar dokokin Birtaniya ta biya fam 57,000 ta sayi zane 38 daga dukiyar wani attajiri, John Julius Angerstein, aka buɗe su ga jama'a a gidansa. A 1838 aka koma ginin da ake ciki yanzu, kuma an zaɓi wurin ne da nufin masu karusa daga yammacin birni da talakawa masu tafiya a ƙasa daga gabas duk su iya isowa. Yau zanen ya haura 2,300. Idan aka gwada da gidan Louvre na Faris, wannan ba yawa ba ne. Ƙarfin tarin a ingancinsa yake. Amma yana da iyaka guda biyu masu tsauri: kusan duk zanen Turai ne, kuma daga tsakiyar ƙarni na 13 ne zuwa wajen shekarar 1900. Abin da ya zo bayan haka an bar wa Tate, wani gidan zane na gwamnati, bisa wata yarjejeniya ta 1996, iyakar da aka sanar da ɗagewa a 2025. Shiga kallon wannan tari kyauta ne ga kowa, ɗan ƙasa da baƙo.

Kyauta ga mai shiga, ba kyauta ga mai gida ba. Akwai masu gadi, akwai wutar lantarki, akwai na'urorin da ke riƙe sanyi da danshin ɗakuna dare da rana, akwai masu gyaran zane da masu bincike. Tallafin gwamnati ba ya rufe wannan duka. Ragowar sai gidan ya nemo da kansa, daga shago da gidan abinci, daga masu ba da gudummawa, daga kamfanonin da ke ɗaukar nauyi, daga tikiti. Kuma mutumin da ya ga tarin sau biyu ba lallai ya dawo na uku ba sai an ba shi dalili. Baje kolin wucin gadi shi ne dalilin.

Na Van Gogh ya nuna yadda abin ke aiki. An buɗe shi a watan Satumban 2024 aka rufe ranar 19 ga Janairun 2025, kuma ya tsaya kan shekara biyun da mai zanen ya yi a kudancin Faransa, a Arles da Saint-Rémy, daga 1888 zuwa 1890. Mutum 334,589 suka shiga, adadin da babu wani baje koli na kuɗi da ya taɓa kaiwa a tarihin gidan. A ƙarshen makon rufewa an bar ƙofa a buɗe har gari ya waye, abin da ba a yi ba tun baje kolin Leonardo da Vinci a 2012. Da tikiti suka ƙare, hanyar da ta rage wa mutane da yawa ita ce sayen katin zama memba na shekara, wanda ke ba da damar shiga duk baje koli. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lissafin gidan, domin wanda ya sayi kati saboda Van Gogh zai leƙo na Siena tun da ya riga ya biya.

To amma yawancin zanen da ke cikin irin wannan baje koli ba na gidan ba ne. Na aro ne. Nan ne lamarin ke da zurfi.

Babu gidan zane da ke son rabuwa da abin da mutane ke zuwa kallo. Idan ya ba da aro, bangonsa zai zauna da gurbi na watanni, masu ziyara su yi ƙorafi, ga haɗarin hanya. Me zai sa ya yarda? Abin yana kama da gudummawar biki a tsakanin mata: wadda ta kawo miki yau ta rubuta a zuciyarta, ranar nata sai kin rama, wadda kuma ba ta taɓa kai wa kowa ba kada ta sa ran cikar tsakar gida. Gidan Landan yana da abin ramawa. Yana da zanen furanni masu bin rana na Van Gogh, wanda ya saya a 1924, yana da kujerarsa mai launin rawaya, yana da Vermeer da Rembrandt da Velázquez. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shi ya sa gidan zane na Filadelfiya a Amurka ya saki nasa zanen furannin, wanda ya shafe shekaru da dama bai ƙetare teku ba, na Boston kuma ya saki zanen wata mata mai riƙe da igiyar shimfiɗar jariri. Aka jera ukun a bango ɗaya, matar a tsakiya, furanni dama da hagu, daidai yadda Van Gogh ya zana tsarin a wata wasiƙa ga ƙaninsa Theo a 1889. Shi bai taɓa ganin an cika masa wannan buri ba. Irin wannan haɗuwa ita ce hujjar da masu manyan baje koli ke kafawa, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Neman aro kan fara shekaru kafin ranar buɗewa. Wasiƙu, tafiye-tafiye, rarrashi, wani lokaci shugaban gida da kansa zai tashi ya je. Mai ba da aro zai nemi cikakken rahoto kan ginin: yaya zafin ɗakin yake, yaya danshinsa, nawa hasken, ina masu gadi, me zai faru idan wuta ta ɗauke. Zanen da aka yi a kan katako, kamar yawancin na Italiya kafin 1500, yana kumbura yana tsukewa da sauyin danshi, fentin da ke kansa ya tsage. Duk wanda ya ga yadda ƙofar katako ke yi da hunturu a Arewa ya san abin da ake tsoro. Zanen takarda kuma haske ke cin sa, shi ya sa ɗakunan da aka rataye shi suke da duhu-duhu, kuma bayan 'yan watanni dole ya koma akwati ya huta. Wannan na cikin dalilan da suka sa baje koli ke tsayawa a wata uku ko huɗu. Kowane zane yana tafiya cikin akwatin da aka ƙera dominsa, da ɗan rakiya daga gidan da ya fito, wanda zai tsaya a buɗe a gabansa, a duba kowane tabo da fitila, a sa hannu a takarda.

Sai inshora. Da za a biya kamfani kuɗin inshorar zanen Van Gogh guda 60, da babu tikitin da zai mayar da kuɗin. Abin da ke ceton lamarin shi ne tsarin da dokar 1980 ta kafa, inda gwamnatin Birtaniya ke tsaya wa kayan aro: idan wani abu ya lalace ko ya ɓace, baitulmali ne zai biya. Ba a cika jin labarinsa ba, amma ba don shi ba da rabin jadawalin bai yiwu ba. Akwai kuma dokar 2007 da ta hana a kama kayan aro daga waje saboda wata shari'a ko iƙirarin mallaka muddin suna cikin baje koli, dokar da aka gaggauta aiki da ita lokacin da Rasha ta yi barazanar hana zanenta zuwa Landan. Ke nan jadawalin da ake gani kamar aikin masana zane yana zaune ne kan dokokin majalisa.

Kuma duk da wannan shiri, abu kaɗan ke rusa shi. A Maris ɗin 2020 aka buɗe baje kolin Titian, inda aka haɗa zane shida da ya yi wa Sarki Philip na Biyu na Sifaniya, waɗanda suka shafe fiye da shekara 400 ba su haɗu a ɗaki ɗaya ba. Ɗaya daga cikinsu ya fito ne daga gidan Wallace da ke Landan, wanda sama da ƙarni guda yana ganin wasiyyar da ta kafa shi ta hana shi ba da aro. An shawo kan wannan, an kawo zanen, an buɗe. Bayan kwana uku aka rufe saboda annobar korona. Na Raphael da aka shirya don cikarsa shekara 500 da rasuwa a 2020 sai a 2022 aka yi shi, kuma kafin buɗewa Rasha ta afka wa Yukiren, zanen da za a aro daga gidan Hermitage na Rasha bai zo ba. Idan baje koli ɗaya ya gusa, na bayansa duk sai sun gusa, ga masu ba da aro da suka riga suka yi wa wasu alkawari.

Saboda tsadar abin, gidaje kan haɗa kai. Baje kolin Siena an yi shi tare da gidan Metropolitan na Niyok: ya fara can a ƙarshen 2024, ya iso Landan a Maris ɗin 2025. Ya tsaya kan shekara 50, daga 1300 zuwa 1350, zamanin Duccio da Simone Martini da 'yan'uwa biyu na gidan Lorenzetti, zamanin da annobar 1348 ta katse. Babban allon da Duccio ya zana wa majami'ar Siena, wanda aka kai shi da gagarumin jerin gwano a 1311, an tsattsaga shi da zarto a 1771, guntayensa suka watsu a duniya, uku suna Landan. Baje kolin ya sake jera wasu daga cikinsu kusa da juna. Ba suna ne mai jan taro kamar Van Gogh ba, kuma da wuya a yarda a kashe masa irin wannan kuɗi a shekarar da babu wani babba da zai cike gibin.

Yanzu ga inda nake ganin an fi cin riba. Baje kolin Caravaggio na bazarar 2024 ɗaki guda ne, kyauta, zane biyu. Ɗaya na gidan ne, ɗaya aro daga wani banki na Italiya da ke ajiye shi a Naples. Wannan na biyun, wanda ke nuna kisan wata waliyyiyar Kiristoci mai suna Ursula, shi ne na ƙarshe da aka san ya zana. Ya yi shi a Mayun 1610, yana gudun hijira bayan ya kashe mutum a birnin Rum shekara huɗu kafin nan, kuma ya mutu a Yulin shekarar. Bankin da ya fara sayen zanen a 1973 ya saye shi ne da sunan wani mai zane daban. Sai a 1980 aka gano wata wasiƙa a rumbun takardu na Naples da ta tabbatar da mai shi. A cikinta wakilin attajirin da ya ba da aikin yana ba ubangidansa haƙuri kan jinkiri: ya shanya zanen a rana don ya bushe da wuri, sai man da aka shafa a kai ya narke, dole ya koma wurin Caravaggio ya tambayi yadda za a yi. An ajiye wasiƙar a cikin gilashi a ɗakin. Zanen kansa kusan duk duhu ne, fuskoki ne kawai da hannaye ke fitowa, matar ta sunkuyar da kai tana kallon kibiyar da ta shige ta kamar ba ta gane abin da ya faru ba, bayanta kuma ga fuskar mai zanen da kansa, baki a buɗe. Mutane suka yi ta layi har wajen ɗakin, sama da dubu 250 suka gani. Kuɗin da aka kashe bai kama ƙafar na babban baje koli ba, kuma wanda ya fito daga ɗakin ya fito da labari guda cikakke a kansa. A ɗakunan Van Gogh kuwa, cikin turereniya da wayoyi a sama, mutum kan samu 'yan daƙiƙu ne a gaban kowane zane kafin na baya ya matso.

Haka na Degas. Zanen ya shekara kusan ɗari a gidan, ana kallonsa a matsayin gwanintar mai zane: mace tana rataye da haƙoranta a jikin igiya, ana jan ta zuwa rufin gidan wasa, an zana ta daga ƙasa. Ba a cika tambayar wace ce ita ba. Baje kolin ya juya tambayar. Sunanta Anna Albertine Olga Brown, an haife ta a 1858 a Stettin, garin da yanzu yake cikin Foland, mahaifinta baƙar fata, mahaifiyarta farar fata, kuma ta yi suna a gidajen wasan Turai da laƙabin Miss La La. Aka kawo hotunanta da takardun tallan wasanta da zane-zanen gwaji da Degas ya yi kafin ya kai ga na ƙarshe. Babu wani sabon zane da aka saya. Tsohon ne aka sa mutane suka sake kallo.

Wannan ya kai mu ga aiki na biyu da jadawalin ke yi, wato toshe gibin da tarin ke da shi. Gidan da kusan duk kayansa na Turai ne, kusan duk na maza, yana zaune a birnin da ya cika da 'yan asalin Afirka da Asiya da Karebiyan, dole ya samu abin faɗa musu. Sayen zane yana da tsada kuma yana da jinkiri. Baje koli ya fi sauri. Lokacin da gidan ya sayi zanen Artemisia Gentileschi, mai zane 'yar Italiya, a 2018 kan fam miliyan 3.6, zanen da mata suka yi da yake da su ba su wuce kusan 20 ba cikin fiye da 2,300. Ya ɗauki zanen ya zaga da shi a 2019, zuwa wani ɗakin karatu na mata a Glasgow, da wani asibitin unguwa, da makarantar 'yan mata, da gidan yarin mata, sannan a 2020 ya yi mata cikakken baje koli. A 2017 Chris Ofili, wanda aka haifa a Manchester iyayensa 'yan Najeriya, ya baje wani babban saƙi da masaƙa a Edinburgh suka yi da hannu daga zanensa. Na Velasco a 2025 shi ne karo na farko da gidan ya keɓe baje koli ga wani mai zane na da daga Latin Amurka. Za a iya cewa wannan kwaskwarima ce, tun da bayan wata uku ana kwashe kayan, bango ya koma yadda yake. Masu wannan suka ba su yi ƙarya ba. Amma daga irin waɗannan gwaje-gwaje ne gida ke gane abin da zai saya nan gaba.

Akwai ƙorafin da ya girmi wannan, na cewa komai yana Landan alhali harajin kowa ne. Amsar shekarar bikin ita ce a fitar da zane 12 mafiya daraja zuwa garuruwa 12 a rana ɗaya. Turner ya tafi Newcastle, Monet ya tafi York, Vermeer ya tafi Edinburgh, Caravaggio ya tafi Belfast, Canaletto ya tafi Aberystwyth a Wales. Wannan na ƙarshen komawa ya yi, domin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a Wales aka ɓoye tarin, daga baya aka shigar da shi cikin ramin haƙar dutse na Manod. A wancan lokaci gidan na Landan ya zama fanko, sai kiɗan rana da mai kaɗa piyano Myra Hess ke shiryawa. Daga 1942 aka fara ɗauko zane guda daga ramin duk wata a rataye shi, mutane su yi layi su gani. Ɗakin zane ɗaya ko biyu da ake yi yanzu jikan wannan dabara ne.

Fitar da zane ba koyaushe don adalci ba ne. Wani lokaci haya ce. A 2023, lokacin da aka rufe ɓangaren Sainsbury na ginin don gyara, zane 52 suka tafi Shanghai, inda fiye da mutum 400,000 suka biya suka gani, daga nan suka wuce Seoul da Hong Kong. Gidan da ya karɓa yana biya, kuɗin ya dawo Landan. Wanda ya zo dandalin Trafalgar a wannan lokaci don ganin wani zane ya tarar ya tafi ci-rani.

Kuɗin kamfanoni ma da nasa rikicin. Kamfanin mai na Shell ya shekara goma sha biyu yana tallafa wa gidan kafin dangantakar ta ƙare a 2018, bayan matsin lambar masu fafutukar muhalli, kuma mutanen yankin Neja Delta ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalilin fushin. An cire sunan iyalan Sackler daga wani ɗaki a 2022 saboda alaƙar dukiyarsu da maganin da ya jefa Amurkawa da yawa cikin jaraba. Bankin Credit Suisse, wanda sunansa ya daɗe a saman manyan baje kolin gidan, ya durƙushe a 2023. Kamfani kuma yana son sunansa kusa da Monet ko Raphael, ba kusa da wanda ba a sani ba, don haka yana ƙara tura jadawali wajen sunayen da aka saba.

Abin da ya fi damuna shi ne tasirin baje koli a kasuwa. A na Leonardo na 2011 an rataye wani zane mai suna Salvator Mundi, aka rubuta a ƙarƙashinsa cewa aikin Leonardo ne. A lokacin yana hannun 'yan kasuwar zane, waɗanda suka saye shi a 2005 a wani gwanjo a Amurka kan kuɗin da bai kai dala dubu goma ba. A 2017 aka sayar da shi dala miliyan 450, mafi tsada a tarihin gwanjo, rahotanni suka ce wani yariman Saudiyya ne ya saya, kuma tun daga nan ba a sake ganinsa a bainar jama'a ba. Har yau masana na gardama kan ko hannun Leonardo ne ko na almajiransa. Ko ma wanne ne, bangon gidan gwamnati ya ba zanen shaidar da ta zama kuɗi a aljihun wasu. Wannan iko ne da masu tsara jadawali ke riƙe da shi ko sun so ko ba su so ba.

Kuma inda taro yake, nan masu zanga-zanga ke zuwa. A Oktoban 2022 'yan ƙungiyar Just Stop Oil biyu, masu adawa da haƙar man fetur, suka watsa miyar tumatir a kan furannin Van Gogh. Ranar 27 ga Satumban 2024, sa'o'i kaɗan bayan kotu ta ɗaure su, wasu uku suka shiga baje kolin suka watsa miya a kan zanen furannin guda biyu, na Landan da na aro. Gilashi ya kare zanen. Amma daga watan Oktoba aka hana shiga da duk wani abu mai ruwa, ban da madarar jarirai da magani, aka tsaurara bincike a ƙofa, layi ya ƙara tsawo. Abin da gidan ya fi tsoro a nan shi ne wasiƙar neman aro ta gaba, da amsar da mai kaya zai bayar bayan ya ga hoton zanen wani da miya na gangarowa a kai.

Duk da cikar da ɗakunan Van Gogh suka yi, jimillar masu zuwa gidan ba ta farfaɗo ba. A 2019 kusan miliyan 6 ne. A 2024 miliyan 3 da 'yan kai. Rufe babbar ƙofar Sainsbury na da hannu a ciki, haka raguwar baƙi daga waje bayan korona. An sake buɗe ɓangaren ranar 10 ga Mayun 2025, tare da sake jera zane sama da dubu a ɗakunan dindindin, wanda shi ma wani irin baje koli ne, kuma kyauta.

A Satumban 2025 shugaban gidan, Gabriele Finaldi, wanda ke riƙe da shi tun 2015, ya sanar da shirin gina sabon ɓangare da alkawarin fam miliyan 375, ciki har da gudummawa biyu na fam miliyan 150 kowacce. Tare da wannan aka sanar da ɗage iyakar 1900, wato gidan zai fara tara zanen ƙarni na 20 zuwa yau. Ga jadawalin shekara wannan sauyi ne babba. Masu zanen zamani da a da sai dai a gayyato su na wata uku za su iya samun bango na dindindin, gidan kuma zai shiga neman aro da masu gudummawa da masu sayen tikiti a filin da Tate ke kiwo tun tuni. Gidajen biyu sun ce za su yi aiki tare kan yadda za a raba.